Wanda Aka Yi wa Aikin Zuciya Kada Ya Ɓoye In Zai Yi Tafiya

'Yan'uwa, mutanenmu na Avotrou da Zongo mutanen hanya ne. Da wuya ka sami gida a nan Kwatano wanda ba shi da dangi a Gaya, ko Dosso, ko Maraɗi, ko Kano. Fatauci ne ya kawo kakanni bakin teku, kuma har yau biki da suna da ta'aziyya suna mai da mu arewa. A da, wanda jijiyoyin zuciyarsa suka toshe ba ya daɗewa. Yanzu dangi kan haɗa kuɗi, a sayar da fili ko shanu, a kai shi Indiya, ko Tunisiya, ko Maroko, ko Faransa, a yi masa aiki ya dawo da ƙafarsa. Mun gode Allah. Amma da ya dawo, tambayar farko da yakan yi mana a ɗakin shan magani ita ce, "Yaushe zan je gida su gan ni?"

Ga ra'ayina. Wanda aka yi wa aikin zuciya zai iya tafiya, har tafiya mai nisa, in lokaci ya yi. Abin da ya fi jefa shi cikin hatsari shi ne ɓoyewa. Yakan ɓoye wa likita cewa zai yi tafiya, don kada a hana shi. Yakan ɓoye wa kamfanin inshora, don kada kuɗi su ƙaru. Yakan ɓoye wa direba da abokan tafiya saboda kunya. A gida kuma ya nuna ya warke sarai, don kada a ce ya zama raggo. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan ya isa ya ɓata aikin da aka sayar da gona domin a yi.

Abin da aka yi a cikin ƙirjinka

Zuciya ma tana cin abinci. Akwai ƙananan jijiyoyi da suke kai mata jini. In kitse ya toshe su, sai ciwon ƙirji da haki su taso. Likita yakan ciro wata jijiya daga ƙafa, ko hannu, ko daga cikin ƙirjin, ya dasa ta, jini ya bi ta nan ya wuce wurin da ya toshe. Kamar dai yadda mota take ratse in gada ta karye. A takardarka za ka ga an rubuta pontage coronarien in da Faransanci ne, ko CABG in da Turanci ne. Wani likita ɗan ƙasar Ajantina, René Favaloro, shi ne ya kafa wannan aiki a asibitin Cleveland na Amurka a 1967. Tun daga nan an yi wa mutane masu ɗimbin yawa, sun rayu shekaru suna aikinsu.

Kafin a kai ga zuciya, sai an tsaga ƙashin tsakiyar ƙirji gida biyu. In an gama, a ɗaure shi da waya ta ƙarfe. Fata takan haɗe cikin mako biyu ko uku, shi ya sa mutum yake ganin ya warke. Ƙashin kuwa yana bukatar mako shida zuwa takwas kafin ya kama, wani har wata uku, musamman tsoho da mai ciwon suga. A wannan lokaci ba a ɗaukar abin da ya wuce kilo biyar. Jarkar ruwa mai lita 25 ta ninka wannan sau biyar.

Ka kuma sani, aikin bai kawar da cutar da ta toshe jijiyoyin ba. Sabuwar hanyar ma tana iya toshewa in ka bar magani, ko ka koma shan taba.

Ka faɗa wa likita

Kada ka sayi tikiti kafin ka ga likitan zuciya. A nan Kwatano akwai sashen zuciya a babban asibitin CNHU Hubert Koutoukou Maga. Ka gaya masa inda za ka, da motar da za ka shiga, da kwana nawa za ka yi. Tafiya Fotonobo daban, tafiya Maraɗi daban.

Game da jirgin sama, hukumar jiragen sama ta Ingila ta ce wanda aikinsa ya tafi lafiya ya jira aƙalla kwana goma. Dalili biyu ne. Bayan aiki, iska kaɗan takan rage a cikin ƙirji, kuma iska tana kumbura in jirgi ya yi sama. Na biyu, numfashi a cikin jirgi kamar na wanda yake kan dutse mai tsawon mita 1,800 zuwa 2,400 ne, iskar ba ta ƙoshi kamar ta ƙasa. Kwana goma ɗin nan mafi ƙanƙanta ne. In an sami zazzaɓi, ko ruwa a huhu, ko bugun zuciya ya rikice, ko jini ya yi ƙasa, sai a ƙara. Saboda haka wanda zai tafi waje neman aiki ya sayi tikitin da za a iya sauya ranar dawowa, ya kuma ware kuɗin masauki na ƙarin kwanaki. Kuɗin masauki kan ƙare, sai dangi su matsa a dawo da wuri. Wannan tsimi ne mai tsada. Ka karɓi takardar likita mai cewa ka isa shiga jirgi, gama kamfanin jirgi yana iya neman ta.

Amma mafi yawanmu ba jirgi ne damuwarmu ba, mota ce. Daga Kwatano zuwa Paraku ya wuce kilomita 400. Zuwa Malanbil ya wuce 700. Zuwa Yamai ya wuce 1,000. Wanda ya bi ta Seme zuwa Legas, yana da wajen kilomita 1,000 a gabansa kafin Kano. A jirgi akwai wurin miƙe ƙafa, a motar haya kuwa mutum huɗu ne a kujerar uku, ga kaya a kan cinya, ga ramuka. Kowane rami yana girgiza ƙashin da bai kama ba. Iyaka ma ba ta da tabbas. Nijeriya ta rufe iyakarta daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020. Bayan juyin mulkin Nijar na Yuli 2023 an rufe gadar da ke tsakanin Malanbil da Gaya, mutane suka koma ƙetare kogin Kwara da kwalekwale, suna hawa da sauka da kaya a ka, cikin rana. Tafiyar da ka lissafa kwana ɗaya tana iya zama uku.

Shawarata ita ce, doguwar tafiyar mota ta jira har ƙashi ya kama, likita ya duba ya yarda. Zemijan ma haka. Faɗuwa ɗaya daga kan babur ta isa ta raba ƙashin. Tuƙi kuwa, a Ingila doka ta ce mai ƙaramar mota ya jira mako huɗu, direban babbar mota da bas ya jira wata uku, sai kuma an gwada shi. Direbobinmu masu jan tirela daga tashar jirgin ruwa zuwa arewa su yi tunani a kan wannan, gama ba ransu kaɗai ke kan hanya ba.

Ka faɗa wa mai inshora

Inshorar tafiya yarjejeniya ce. Ka biya kuɗi kaɗan, in rashin lafiya ta same ka a ƙasar waje su biya asibiti, in ta kama su dawo da kai gida. Mai neman bizar Faransa da sauran ƙasashen Shengen dole ya nuna inshorar da ta kai Yuro 30,000, wato kusan sefa miliyan 19 da dubu 700. Mutane da yawa suna sayen wadda ta fi araha don kawai a buga musu biza, ba sa karanta abin da ke ciki.

Ga inda matsala take. Yawancin irin wannan inshora ba ta biyan ciwon da mutum yake da shi tun kafin ya saya, sai in ya faɗa, kamfani kuma ya yarda a rubuce. In takarda ta tambaye ka ko kana da ciwon zuciya, ka ce a'a, ka jefa kuɗinka a rijiya. Ranar da aka kwantar da kai, likita zai buɗe rigarka ya ga ɗinki tun daga wuya har ciki. Hoton ƙirji zai nuna wayoyin ƙarfe. Babu yadda za a ɓoye. Dokar inshora ta CIMA, wadda Benin da Nijar suke bi, ta ce wanda ya yi ƙarya da gangan a kan abin da aka tambaye shi, yarjejeniyarsa ta rushe, kuɗin da ya riga ya biya kuma na kamfani ne. Sai ka tashi ba inshora, ba kuɗi, ga bashin asibitin Turai a wuyan 'ya'yanka.

Wani zai ce, "Ai in na faɗa za su ƙara kuɗi, ko su ƙi ni." Gaskiya ne. Suna iya ƙarawa, suna iya cire ciwon zuciya daga abin da za su biya, wani kamfani ma ya ƙi. Wannan yana da ciwo, ni ma ina ganin an matsa wa talaka. Amma gara ka san matsayinka tun kana gida. In sun ƙi, ka gwada wani kamfani, ko ka ɗaga tafiyar, ko ka tafi da sanin cewa aljihunka ne zai biya, ka yi shiri. Takarda mai araha wadda ba za ta biya ba, ta fi kowace tsada.

Kafin ka sa hannu, ka sa wanda ya iya karatu ya zauna kusa da kai, ku yi waɗannan tambayoyi:

1. Na faɗa muku an yi mini aikin zuciya. In zuciyar ce ta kwantar da ni, za ku biya? Ku nuna mini inda aka rubuta.
2. Har nawa za ku biya, nawa ne kuma nawa kason?
3. Ku za ku biya asibiti kai tsaye, ko ni zan biya ku mayar mini?
4. In likita ya ce a dawo da ni gida da rakiyar ma'aikacin jinya, wa zai biya? In rai ya yi halinsa fa?
5. Wace lamba za a kira, dare ko rana? Dole a kira kafin a kwantar da ni?
6. Waɗanne ƙasashe takardar ta shafa, daga wace rana zuwa wace rana?

Abu biyu kuma. Inshorar tafiya ba ta biyan aikin da ka tashi musamman domin a yi maka, kuma ba ta biyan wanda ya yi tafiya bayan likita ya hana shi. Sa'an nan katin nan na ECOWAS da direbobi suke kira Carte Brune, wanda aka sa hannu a kan yarjejeniyarsa a nan Kwatano a 1982, na hatsarin mota ne, domin biyan wanda motar ta yi wa ɓarna. In zuciyarka ta tashi a cikin mota, katin direba ba ruwansa da kai.

Na sha jin ana cewa sayen inshora rashin dogara ga Allah ne. Na ji wannan a bakin Kirista, na ji a bakin Musulmi. Amma manomin da ya dogara ga Allah yana gina rumbu, kuma ba wanda ya ce masa ya yi saɓo. Wanda zuciyarsa ba ta kwanta da inshorar kamfani ba saboda addini, ya tambayi malaminsa game da takaful, irin ta taimakon juna, wadda ake yi a Nijeriya.

In babu inshora fa?

Mu faɗi gaskiya, mai zuwa Dogon Dutsi a motar haya ba zai sayi inshorar tafiya ba. To, me zai tsaya masa? A asibitocinmu da yawa sai an biya kafin a ba da magani. Saboda haka ka ware kuɗin gaggawa dabam da guzuri, a hannu ko a waya, abokin tafiyarka kuma ya san inda suke. Kada a taɓa su domin tsaraba ko gudummawar biki.

Ina kuma roƙon ikilisiyoyi da masallatai da ƙungiyoyin 'yan kasuwa. Mun iya adashi. Mun iya karo-karo in an yi rasuwa, har a ɗauki gawa daga Kwatano zuwa Nijar. Me zai hana mu ajiye asusu domin mai rai, wanda ciwo ya kama a hanya? Kuɗin da zai kai mutum asibiti a kan kari sau da yawa bai kai na ɗaukar gawa ba. Mata masu zumunta da shugabannin unguwa, wannan aikinku ne.

Ka faɗa wa abokin tafiya

Kada ka yi doguwar tafiyar farko kai kaɗai. Wanda zai raka ka ya san abin da aka yi maka, ya san inda magani yake. Ka gaya wa direba tun a tasha. Ba abin kunya ba ne. In da hali ka biya kujera biyu. Ka ɗaura bel, ka sa ɗan matashi ko tawul tsakaninsa da ƙirjinka. Kada ka ɗora kaya a kan mota da hannunka, kada ka taya tura mota in ta mutu.

Zama wuri ɗaya yana sa jini ya daskare a jijiyar ƙafa. In gudan jinin ya ɓalle ya tafi huhu, yana iya kisa nan take. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a 2007 cewa hatsarin nan yana ninkawa wajen sau biyu ga wanda ya zauna awa huɗu ko fiye, a jirgi ko mota. Wanda bai daɗe da aiki ba, nasa ya fi haka. Duk inda mota ta tsaya, ka sauka ka taka. Kana zaune, ka riƙa motsa tafin ƙafa sama da ƙasa. Ka sha ruwa, sai dai in likita ya ƙayyade maka. Mutanenmu kan ƙi shan ruwa don kada fitsari ya dame su a mota, wannan kuskure ne. In an ba ka safar roba mai matse ƙafa, ka sa ta.

Magani ya zauna a jakar hannu, kada ya shiga kayan da aka ɗaure a kan mota cikin rana. Ka ɗauki na kwanakin tafiya, ka ƙara na mako biyu. Asfirin da sauran magungunan hana jini daskarewa, da na kitse, da na hawan jini, ba a tsallake su ko kwana ɗaya. Ka sa a rubuta maka ainihin sunan kowane magani da ƙarfinsa, gama sunan da ke kan kwali a Benin yakan bambanta da na Nijeriya. Ka riƙe kwafin takardar aikin da na gwajin bugun zuciya, ka kuma ɗauki hotonsu a waya.

Kada ka sayi magani a tasha. Kun tuna yadda hukuma ta kwashe magungunan jabu a Adjégounlè, cikin kasuwar Dantokpa, a 2017. Ko na gaske ne ma, akwai masu cutar da kai. Diclofenac da ibuprofen, waɗanda ake sha don ciwon jiki, ba su dace da wanda aka yi wa aikin nan ba. Maganin ƙarfin maza kuma, in ya haɗu da maganin ciwon ƙirji da ake sawa ƙarƙashin harshe, yana kayar da jini ƙwarai har a rasa rai. Abincin hanya, irin su tsire da kilishi da yaji, gishiri ya yi musu yawa. Ka ci kaɗan, ko ka yi guzuri daga gida.

Alamun da za a tsai da mota

Ciwo ko nauyi a ƙirji, ko wanda yake tafiya hannu, ko wuya, ko muƙamuƙi. Numfashi ya yi wuya kana zaune. Zufa mai sanyi, jiri, ko suma. Zuciya tana bugawa da sauri ba tsari. Sharaɓa ɗaya ta kumbura farat ɗaya, da zafi da ciwo. Ɗinki ya yi ja, yana ruwa ko mugunya, ko kana jin ƙashin yana motsi. Baki ya karkace, ko hannu ya mutu.

In ciwon ƙirji ne, ka zauna, ka sa maganin ƙarƙashin harshe in likita ya ba ka. In bayan minti biyar bai lafa ba, a nufi asibiti mafi kusa. Kada a ce bari mu ƙarasa gida. Ku san asibitocin hanya tun kafin ku tashi: babban asibitin Paraku, asibitin mishan na Bembereke, asibitin Kandi, asibitin Galmi a kan hanyar Ƙonni zuwa Maraɗi, Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Ba duka suke da likitan zuciya ba, amma takardar da ke hannunka za ta nuna musu inda za su fara. Zazzaɓi bayan aiki kuma, kada a ce na sauro ne kawai. A gwada jini, a duba ɗinki.

Masu niyyar aikin Hajji ko ziyarar Urushalima su nemi izinin likita tun kafin su biya kuɗin kujera. A Hajjin 2024 zafi ya haura digiri 50 a Makka, mutum fiye da 1,300 suka rasu. Tafiya tsakanin Safa da Marwa kaɗai ta kai wajen kilomita uku. Akwai keken turawa, kada ka ji nauyin neman sa.

Ga dangi

Na san zumunta a ƙafa take. Na san maganar da akan yi wa wanda bai je ta'aziyyar yayansa ba. Wannan nauyi ne na gaske, shi ne kuma yake sa mutum ya hau mota mako uku bayan aiki. To, ku da kuka haɗa kuɗin aikin, ku sauke masa nauyin nan. Baba, Inna, Kawu, ku ne za ku fara cewa, "Zauna, mun yafe maka zuwa." A aiki ɗa ko ƙane a madadinsa, shi kuma ya yi gaisuwa ta waya. In kuna marmarin ganinsa, ku masu lafiya ku zo. In kuma lokaci ya yi ya iso gida, kada a bar shi ya wuni a zaure yana karɓar baƙi. A ba shi wurin kwanciya, a rage gishiri da mai a tukunya, kada a kawo masa jiƙo a ce ya ajiye maganin asibiti.

Wanda yake shirin tafiya, ya zo ɗakin shan magani mako biyu kafin ranar, da takardunsa da dukan magungunansa, tare da wanda zai raka shi. Za mu auna jini, mu duba ɗinki, mu rubuta masa takardar da zai riƙe a aljihu da Faransanci da Turanci, mu kuma tura shi wurin likitan zuciya in da bukata.

Allah ya ƙara sauƙi, ya kiyaye hanya.